Ruwan Ƙofar Evdokia

Stamatis yana da ɗan ciwon nan namu na mazan tsibirin Simi: magana ba ta zuwa masa baki sai jirgi ya tashi.

Jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa da ya dawo da su tsibirin na tsayawa a tashar, ƙanwarsa Marika ta sa shi gaba.

"Yaya, sabuwar riga? Har da turare? Duwatsun za ka gaisar?"

"Zafi nake ji."

"Turare ke maganin zafi? To, da la'asar jirgi zai tashi. In ka makara, ni dai ba zan yi kuka ba."

Ita ce autar ƙannensa mata uku. A wurinmu namiji ba ya aure sai ya aurar da 'yan'uwansa mata, kowace da gidanta. Abin da ya kai shi Ostareliya ke nan yana saurayi, ya ƙare a suyar kifi da dankali. Kafin ya gama da Marika gashin kansa ya gama da shi, labari kuma ya iso cewa Evdokia, yarinyar da yake so, ta auri mai gidan burodi.

Abu guda ya riƙe. Ranar da zai tafi, da la'asar, ya bi ta ƙofar gidan su Evdokia da akwatinsa, ya kasa ce mata ko sai wata rana. Yana wucewa ya ji an sheƙa ruwa a bayansa, yadda ake yi wa matafiyin da ake so ya dawo. Ya waiga, ga ta riƙe da bokiti. Ruwan nan shi ya yi ta sha a zuci duk shekarun nan.

Ya hau matakalar dutse zuwa unguwar tudu, gwiwoyinsa na tsine masa. Ƙofar na nan da shuɗin fentinta. Matar da ta buɗe tana sanye da baƙaƙen kaya, irin na wadda miji ya rasu.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Stamatis... ina gashin?"

"Ya tafi a kayan auren Marika."

Ta yi dariya, dariyar nan dai da ya sani.

Ta zaunar da shi a tsakar gida, ta kawo masa faranti ɗauke da cokali guda na ɓawon lemo dafaffe da sukari, da kofin ruwa, kamar yadda ake wa kowane baƙo. Tun daga Ostareliya ya haddace abin da zai faɗa: ki ce in zauna, in bar jirgin ya tafi da Marika. Sai ya ji bakinsa yana tambayar lafiyar bishiyar ɓauren da ya sani a gidan.

"Ta mutu."

"Allah sarki."

"Bishiya ce ta kawo ka?"

Daga ƙasa jirgi ya yi kukan farko.

"Evdokia... hasken idona..."

Ta ajiye farantin a hankali. "Ina jinka."

"Ruwan nan... akwai sanyi."

Ta sunkuyar da kai, tana gyara bakin ɗankwalinta.

"Na randa ne. Har yau ba ka koyi magana ba, ko? Da a lokacin ka buɗe baki..."

"Da me?"

"Tashi, jirginka na kira. Gangarar ta fi hawan wuya."

Ya fito kamar wanda ya bar takalmansa a ciki. Bai yi nisa ba ya ji shi: shaaa! Ruwa ya biyo matakala har ya taɓa masa dunduniya. Wannan karon bai waiga ba, don kada ta ga babban mutum yana kuka da sabuwar riga.

A saman jirgi ya tsaya yana kallon gidajen suna ƙanƙancewa.

"Ka faɗa mata?" in ji Marika.

"Ba sai na faɗa ba. Ta zuba mini ruwa, Marika! Karo na biyu ke nan. Zan dawo."

Marika ta buɗe baki, ta dubi fuskar yayan da ya ba ta gida da ƙuruciyarsa, ta rufe.

Duk unguwar tudu an san Evdokia, kamar uwarta, da la'asar take wanke ƙofar gida.