Wuyan Tantabara

Sufeto Madlala yana cin burodi da miyar wake a ofis aka bugo waya daga wani otal na bakin teku a Durban. An yi sata a taron dillalan tsofaffin sulalla. Ya so ya tura Saje Moonsamy shi kaɗai, sai aka ce masa sule ɗaya ne ya ɓace, amma ya fi motar Sufeto daraja. Ya goge hannu ya tashi.

Taron shekara-shekara ne, dillalai daga Johannesburg da Cape Town har da na ƙetare. Tebura sun cika zauren, kowanne da akwatin gilashi. An riga an rufe ƙofofi, kowa yana kallon kowa a kaikaice.

Mai ƙara shi ne Oom Dawie Labuschagne, dattijon ƙungiyar dillalan da kowa ke kira Oom, wato Kawu, mai farin gemu da farar safar hannu. A saman teburinsa akwai allo da manyan haruffa: KADA KA GOGE SULE. 'Yan sana'ar sun san dalili. Launin da azurfa ke yi in ta tsufa shi ne darajarta, wanda ya goge kuwa ya kashe ta. Oom Dawie ya shekara da shekaru yana wannan wa'azi, har yara a harkar suna kwaikwayon muryarsa a bayan idonsa.

Ya miƙa wa Sufeto hannu da safar, ɗaya hannun yana rungume da fulas ɗin shayi na ƙarfe. Ya ce ƙwaya ɗaya ce ta azurfa mai tambarin sule biyar, sulen ya haura shekara ɗari, launinsa shuɗi da kore kamar wuyan tantabara. Da wannan sunan ma aka san shi. Yau alƙalan taro za su duba shi.

"Wa ke da makullin akwatin, Oom?"

"Ni kaɗai."

"Ba a fasa kwaɗon ba."

"Ƙila na manta shi a buɗe da na zagaya. Tsufa, Sufeto."

"Kana zargin wani?"

Dattijon ya gyara riƙon fulas ɗinsa. Sannan ya ce shi ba ya son ɗaukar alhaki, amma yaron can na teburin ƙarshe ya zo sau biyu yana leƙe.

Yaron ba yaro ba ne. Lwazi Mtolo ya kusa arba'in, malamin makaranta ne a Kokstad kafin ya koma sayar da sulalla, kuma wannan ne karonsa na farko da samun tebur a babban taro. Mahaifiyarsa ta biyo shi da hularta ta zuwa coci, tana zaune a bayansa don ta ga ranar da idonta.

"Ka je teburin Oom Dawie yau?"

"Ban je ba, Baba."

Wata dillaliya mai tebur kusa da na dattijon, Anti Moodley, ta ce ita ba ta shiga sabgar kowa, amma ta gan shi da idonta, har sau biyu. Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce dama ba a san asalinsa a harkar ba.

A nan Sufeto Madlala ya yi abin da bai kamata ba. Akwai ɗaki a gefen zauren, ya gan shi sarai, amma ƙaryar ta ba shi haushi, idanun jama'a kuma suna kansa. Ya sa Saje ya caje Lwazi a tsaye a wurin. Aka juye aljihu, aka zazzage jaka, aka ce ya cire takalmi. Safarsa ta huje, babban yatsa a waje. Wani ya yi dariya. Tsohuwar ta kafa wa ƙasa ido, ba ta motsa ba.

Ba a sami komai ba.

Sufeto ya ja shi gefe, yanzu da hakan ba shi da amfani, ya tambaye shi me ya sa ya yi ƙarya. Lwazi ya ce tsoro ne. A hoto kawai ya taɓa ganin Wuyan Tantabara, ya je roƙon a nuna masa, Oom ya kore shi. Akwatin ma a lulluɓe yake da ƙyalle tun safe. Ya ƙara da cewa a wannan sana'a ba wanda ke sayen sule sai ya yarda da mai sayarwa, shi kuma yanzu an gama da shi.

Madlala ya bar shi nan. Ya koma wurin Anti Moodley.

"Anti, kin ga sulen yau?"

Ta ce gaskiya ba ta gani ba, kuma abin ya ba ta mamaki, don Oom Dawie mutum ne da ke tare mai shara ya nuna masa sulen nan ko bai tambaya ba. Yau ko ƙyallen bai ɗaga ba.

Saje ya zagaya tebura yana tambaya. Kowa ya san sulen, kowa ya rantse yana nan, amma ba wanda ya gan shi a ranar.

Sufeto ya tsaya yana shafa gashin baki, sai ya ji wani wari a tafin hannunsa, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ɗauka miyar wake ce. A bakin ƙofa akwai mai sayar da kayan sana'a, gilashin duba sule da safar hannu da wasu ƙananan kwalabe da ya tura can baya. Madlala ya buɗe ɗaya ya shinshina, ya kawar da kai. Warin ne.

"Wannan fa?"

"Ruwan wanke azurfa, ranka ya daɗe. Kowa na saye, ba mai yarda ya saya."

"Oom Dawie ya saya?"

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai Oom guba yake kiransa, bara ma ya nemi a hana shi tebur saboda kwalaben.

Mutum ɗaya kawai Sufeto ya gaisa da shi hannu da hannu tun shigowarsa.

Ya sami dattijon a zaune, fulas a ƙirji. Wannan karon ya ce su shiga ɗakin gefe, kuma yana faɗa ya ji kunya ta kama shi, don ya san wanda ya hana wa ɗakin.

"Cire safar, Oom."

Ya cire a hankali. Warin ya cika ɗakin, fatar yatsunsa ta yi fari ta tattare.

"Ka sam mini shayi. Tun ɗazu kake riƙe da shi ba ka kurɓa ba."

"Ya huce."

"Ina shan mai sanyi."

Dattijon bai miƙa ba, Saje ya karɓa ya tsiyaya a kofi. Da fulas ɗin ya karkata, wani abu ya gangaro ya bugi bakinsa da ƙara siririya. Aka zazzage shi a kan hankici. Sule ne, fari fat kamar murfin gwangwani.

Oom Dawie ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ce wani ɗan baƙin ɗigo ya gani a gefen sulen, bai kai ƙwayar gero ba, ya ji tsoron alƙalai su gani. Ya ce a ransa zai ɗan taɓa wurin kawai da auduga da ruwan wankin da ya samo a ɓoye. Hannu ya goce, ruwan ya malale, yana kallo launin shekara ɗari ya bi ruwan famfo.

"Da an sace shi, za a tausaya mini. Amma a ce ni, Dawie, na goge sule? Ina zan sa kaina?"

"Shi kuma Mtolo?"

"Ba wanda ya san shi," in ji dattijon a hankali. "Na ɗauka ba shi da abin da zai rasa."

Sufeto ya gaya masa an kama shi da laifin kai ƙarar ƙarya da ɗora wa wani. Saje ya fita da shi ta tsakiyar zauren, suka wuce ƙarƙashin allonsa, bai ɗaga kai ba.

Madlala ya karɓi lasifika ya sanar cewa an ga sulen, Lwazi Mtolo ba shi da laifin komai, kuma shi Sufeto ya yi kuskure. Sai dai an buɗe ƙofofi tun bayan cajin, rabin jama'a sun tafi cin abinci, sauran sun yi cincirindo suna son ganin farin sulen.

Ya taka zuwa teburin ƙarshe. Lwazi yana mayar da sulallansa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, ko da yake saura yini guda a tashi taron. Sufeto ya cire hula ya tsaya gaban tsohuwar.

"Mama, ki yafe mini. Na faɗa wa kowa."

Ta gama ninke ƙyallen teburin da ta yi wa ado da hannunta, sannan ta dube shi.

"Na ji ka, ɗana. Amma waɗanda suka ga an cire masa takalmi sun fi waɗanda suka ji ka yawa."

Ta miƙa wa Lwazi ƙyallen, ta riƙe hannunsa suka nufi ƙofa. Madlala ya bi su da ido, hular tana hannunsa.