Ranar da Amarya Ta Ja Baya

Sufeto yana tsaka da cin abincin rana aka bugo waya daga mahaƙar ma'adinai. Wai sabuwar motarsu mai tuƙa kanta ta ja baya ta taka motar safiyo mai awon fili, mutumin yana asibiti da karyayyar ƙafa.

"Mota ba direba, to wa za mu kama, yallaɓai?" in ji Saje. "Ko akwai ankwar taya a sito?"

Sufeto ya wanke hannu, ya ce masa ya tayar da mota kawai.

Da suka isa bakin garejin mahaƙar, sai da Sufeto ya dafe hular kwanon da aka ba shi a ƙofa kafin ya iya ɗaga kai ya ga ƙarshen motar. Ya sha ganin tifa a rayuwarsa, amma wannan gida ce mai bene aka ɗora a kan tayoyi. Ko da Saje zai hau kafaɗarsa, da ƙyar zai taɓo saman taya ɗaya. Tsani ake hawa kafin a kai ɗakin direba. Ma'aikata suna kiranta Amarya, don ita ce sabuwa, kuma ba kowa ake bari ya taɓa ta ba.

A ƙarƙashin tayar baya ga motar safiyo nan ta zama kamar gwangwanin da aka taka.

"Lantarki ke juya ta," in ji Manaja, duk da ransa a ɓace yake bai iya ɓoye alfahari ba. "Ita ke zuwa wurin katafila a loda mata dutse, ta kai, ta juye, ta dawo. In tana gangara ma, birkin da take takawa wuta yake mayar mata."

"Ikon Allah," in ji Sufeto, kuma har zuciyarsa ya faɗa. "To yau me ya same ta?"

"Yarinyar ɗakin kwamfuta ce. An kawo motar gareji a duba ta, kowa ya tafi cin abinci, ita ta tashe ta daga can. Ba mai iya ba ta umarni sai ita. Ku tafi da ita, ni na gama da ita."

Sufeto ya zagaya motar a hankali. Ya tsaya a tayar gaba. An tokare ta da waigi gaba da baya, an daidaita shi tsaf.

"Wa ya sa wannan?"

"Haka muka tarar."

"Amaryar taku takan sauko ta sa wa kanta waigi?"

Manaja ya nuna masa inda aka ajiye yarinyar.

Yarinyar tana zaune a ofishin masu gadi, idanunta sun yi ja. 'Yar Auta ake ce mata, don duk mahaƙar ba wanda bai girme ta ba.

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Ke kika tashe ta?"

"Wallahi yallaɓai ban taɓa ta ba. In tana gareji, bakanike yakan raba ta da ni. A allona barci take yi."

"In ke kika tashe ta, me mutum zai gani?"

"Shuɗiyar fitila za ta kama a kanta, ta yi ta jiniya har kowa ya kauce. Kuma ko tunkiya ce a bayanta ba za ta taka ba, tana da idanu ta ko'ina." Muryarta ta ɗan sake da ta zo kan motar. "Ta fi mu haƙuri, yallaɓai. Ba ta gajiya, ba ta gaggawa."

"Hon fa?"

"Ba ta yin hon. Wannan na direbobi ne."

Sufeto ya ce wa Saje a kawo mata ruwa, kada kowa ya dame ta.

A asibiti suka tarar da safiyo an rataye masa ƙafa, matarsa tana yi masa fifita tana faɗa.

"Na sha ce masa ya daina cin abinci a cikin mota, amma ina! Sai ya nemi inuwa. Ga inuwa nan ka samu."

"Haba uwargida, a gaban baƙi?" Ya juyo wurin Sufeto. "Laifina ne da na faka a inuwarta, na sani. Amma hon ɗin nan ne ya cece ni."

"Wane hon?"

"Sau uku. A wurinmu in direba zai tayar da mota ya yi ɗaya, in gaba zai yi biyu, in baya uku. Ina jin na uku na jefar da cokali na yi tsalle. Ƙafar ce kawai ta makara."

"Ka ji jiniya?"

"Ban ji ba."

A hanyar komawa Saje ya ce, "Ke nan mutum ne a ciki."

"Mutum ne. Kuma mai tarbiyya."

Bakanike yana goge hannu da tsumma lokacin da suka dawo. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa cewa ya kulle ɗakin direba, makulli yana aljihunsa.

"Me kake gyarawa a jikinta?"

"Idanunta na baya, yallaɓai. Ƙura ta rufe su, na cire zan wanke."

"Wato makauniya ce ta baya a lokacin."

"E, amma ai a kulle take."

"Mu gani."

Sufeto ya karɓi makullin, ya kama tsani. Yana da nauyin jiki, sai da ya huta a tsakiya, ya yi kamar kallon gari yake yi. Daga can sama manyan katafiloli sun koma kamar kayan wasan yara, ramin ma'adinin kuma ya buɗe hawa-hawa har ƙasa. Ya daɗe yana kallo kafin ya tuna abin da ya kawo shi.

Ɗakin direba fes yake. Ledar kujera ma ba a cire ba, ƙasa ba ko ɗigon laka, alhali duk filin garejin jar laka ce. Amma a waje, daidai bakin ƙofa, ga shatin takalma biyu manya a jere, kan su yana kallon ƙofar, lakar ba ta gama bushewa ba.

Ya sauko. Ya dubi bakanike.

"Kai kakan cire takalmi in za ka shiga mota?"

Wani matashin direba da ke tsaye a gefe ya tuntsire da dariya. "Wa zai yi wannan in ba Baba ba? Shi ko tsohuwar tifarsa sai ya tuɓe takalmi a ƙofa, kamar zai shiga ɗakin surukarsa."

Bai ga hararar da bakanike ya watsa masa ba. Sufeto ya gani.

Baba shi ne shugaban direbobi. Rabin waɗanda ke tuƙi a mahaƙar shi ya koya musu, kuma ƙarshen wata zai ajiye aiki. Suka same shi a bayan gareji yana wanke madubin tsohuwar tifarsa, madubin da ba shi da datti.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, yallaɓai."

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Ina wurin cin abinci."

"Da wa ka zauna?"

Baba ya ci gaba da goge madubi.

"Baba, wanda ya shiga motar nan ya cire takalmi don kada ya ɓata ta. Ya yi hon kafin ya ja baya, ko da yake ba ya son a ji shi. Da ya sauko a firgice, bai gudu ba sai da ya sa waigi, don kada ta gangara kan wani. Na daɗe ina aikin nan, ban taɓa bin sawun mai laifi irin wannan ba."

Hannun Baba ya tsaya.

"Yarinyar nan tana zaune tun rana tana kuka. In na fita daga nan ba tare da kai ba, da ita zan fita."

Tsohon ya ajiye tsumma. Ya zauna a kan matakalar tifar.

"Zama kawai na roƙa," ya ce. "Na ce wa bakanike, ɗana, ba ni makulli in zauna a ciki sau ɗaya kafin in tafi. Tun ina saurayi nake tuƙa ƙarfen da ke karya ƙugu, ka dawo gida kunnenka yana ƙara. Da na zauna, na ga sitiyari a gabana, sai zuciya ta ce ɗan motsa ta kaɗan, ka mayar. Na duba madubi, ban ga komai ba. Ban san an cire mata idanu ba."

"Me ya sa ka yi shiru?"

"Kunya, yallaɓai. Ban taɓa goge ko fentin wani ba. Yaran nan ni nake yi wa faɗa a kan ganganci." Ya share fuska da tafin hannu. "Na ce mutanen kamfani za su zo su duba, su wanke yarinyar daga zargi. Ina ta faɗa wa kaina haka, ina jin kukanta."

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya mayar. Sufeto ya ce a taho da bakanike shi ma, zai ba da bayani.

A ƙofar ofishin masu gadi Baba ya tsaya. 'Yar Auta ta fito, Manaja a bayanta yana ta sosa ƙeya yana cewa ta koma bakin aikinta, za su yi magana.

"'Yata, ki yafe mini," in ji Baba. "Na bar ki da kayan da ba naki ba."

Ta dube shi. "Da ka tambaye ni, Baba, da na roƙar maka izini ka zagaya fili da ita. Ni ma ina son in ga ka tuƙa ta."

Baba ya sunkuyar da kai, ya shiga motar 'yan sanda.

Suka kama hanya har suka yi nisa. Sai Sufeto ya juyo daga kujerar gaba, ya rage murya.

"Baba, wannan ba ya cikin bincike. Yaya tuƙinta?"

Tsohon ya ɗago. Idanunsa jike suke, amma fuskarsa ta ɗan washe.

"Yallaɓai," ya ce, "duk girman nan nata, da yatsa biyu na juya ta."