Kuɗin Maganin Auta

"Alisabatu, dube ni. Wane likita kika kai ta wurinshi a Maraɗi?"

Ban ɗaga kai ba. Ina tsugune a lambun Yowel, bakin tafkin Madarumfa, ina tsinkar salati kamar shi ya kawo ni.

"Na gaya maka... likitan dabbobi."

"Daga can nike. Na kai tumatur kasuwa, na ce bari in biya in ƙaro mata magani, tun da jikin ya ƙi. Ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa kawo mashi kyanwa daga Madarumfa ba. Har dariya ya yi mani."

Ganyen ya faɗi daga hannuna.

Saura mako uku aurenmu. Shekara biyu Yowel yana nemana, kuma ban taɓa jin ya kira cikakken sunana ba sai ranar. Kullum Alisa, ko kuwa "tawa".

"Ina kuɗin Baba?" ya tambaya a hankali.

"Suna ƙarƙashin gadona," na ce. "Sun zama kwanoni."

Auta kyanwar Inna ce. Ta tsinto ta a bayan majami'a tun ina ajin farko a lekol, ta ce tun da Ubangiji bai ƙara mata haihuwa bayana ba, ga autarta. Shekara uku ke nan da rasuwar Inna. Tun daga lokacin idanun Baba Sila suka ƙara lalacewa, har ya zama sai inuwa yake gani. Auta ce ke kwana a kan ƙafarsa. Da ita yake hira, ita yake ba labarin abin da fasto ya faɗa ranar Lahadi, wani sa'in ma in ji shi yana cewa, "Da uwarki tana nan, da ta ce gishirin miyar nan ya yi yawa."

Da ta fara ramewa tana ƙin abinci, sai shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, Baba ya sa aka kai akuyarmu kasuwa. Ya damƙa mini dala dubu biyu a hannu, wato sefa dubu goma.

"Ki kai ta Maraɗi, ɗiyata. Kome aka ce, ki biya."

Maƙwabta har shewa suka yi. Wai kyanwa a asibiti, mutane ma suna kwance a gida ba kuɗin allura.

Ni kuwa wani abu ke cin raina. A garinmu, kashegarin biki mata ke cika ɗakin amarya su dubi jere, suna ƙirga kwanoni da ido. Uwa ce ke tara wa ɗiyarta su, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Ni ba ni da mai tara mini. Ga shi tun da sefa ta faɗi a farkon shekarar kome ya ninka kuɗi. Kwano huɗu nake da su, biyu ma fentinsu ya fara tashi.

Ranar da ya kamata in hau mota, sai na haɗu da Dije mai kawo kaya daga Jibiya. Ta buɗe kwali, ta nuna mini kwanonin samira goma sha biyu, farare masu jan fure, kowane da marfinsa.

"Marainiya, in kika bari suka wuce, ƙawayen uwar mijinki sai sun yi shekara suna labarinki."

Dala dubu da ɗari tara. Na biya.

Na wuni gidan ƙawata da Auta a cikin kwando. Da la'asar na tsaya wurin mai tebur na sayi farasitamol na dala goma. Shi Inna ke ba ni in kaina na ciwo, shi nake ba Baba. Na ce a raina, abin da ke yi wa mutum magani ai ba zai cuci kyanwa ba. Na murƙushe rabin ƙwaya a madara, na ɗura mata, safe da yamma, kwana biyu.

Duk wannan na zayyana wa Yowel a bakin tafkin, ina kuka. Bai katse ni ba.

"Don mi ba ki gaya mani ba?"

"In ce maka mi? Kai ma sadaki ya sha maka kai."

"Ni na ce maki kwano zan aura?"

"Kai ba ka zama cikin ɗakin, Yowel. Ni za a kalla..."

Ya dubi ruwa. Sannan ya wanke hannunsa, ya ce, "Tashi. Zan ari moton Sule maƙwabcina, babur ya fi sauri. Yanzu za mu kai ta."

Baba yana zaune a zaure muka iske shi, Auta a cinyarsa. Fuskarta ta kumbura, numfashinta na fita da ƙyar.

"Likita ya ce a maida ta ya sake gani," in ji ni. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Baba ya shafa bayanta, ya miƙo ta. "Ku tahi da ita a hankali. Ba ta son iska."

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ofishinsa na warin maganin shanu. Ya ɗaga leɓenta. Dasashinta ya koma kamar ƙasa.

"Mi kuka ba ta?"

Na kwance bakin zanena na nuna masa sauran ƙwayoyin. Ya cire tabarau ya dube ni, ba da faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Yarinya, wanga guba ne ga kyanwa. Ko ɓari ɗaya yana ƙone mata jini."

Na juya na dubi Auta.

"Likita, a yi mata kome," na ce. "Zan maida kayana in kawo kuɗin."

"Zauna in gaya maki gaskiya. Ƙarin ruwa kullum dala ɗari takwas ne. Maganin da ke karya gubar babu shi nan, sai an aiko daga Yamai, kuma kuɗinshi ya ninka. Ki sa dala dubu shida duka. In kin kawo zan amsa, zan yi aikin. Amma abin da za ki saya kwana biyu ne ko uku, kuma cikin azaba."

"Da na kawo ta tun farko fa?"

Ya maida tabaraunsa.

"Ƙodarta ta riga ta gaji, tsohuwa ce. Wata biyu, ƙila uku. Ba za ta warke ba. Amma da ba ta sha wannan wahala ba."

Wata uku. Da ta ga bikina, da ta zauna da Baba a makonnin farko da zan bar masa gida shi kaɗai.

Ya ce akwai allurar da za ta sa ta barci ba tashi, dala ɗari huɗu. Yowel ya sa hannu a aljihu, kuɗin tumatur ɗinsa na ranar. Na riƙe hannun.

"Ba nan ba. Ba a bayan idon Baba ba. Ya isa haka."

Likitan ya gyaɗa kai. Ya ce gobe da safe yana da rigakafin shanu a Safo, zai ƙarasa gidanmu in an ƙara masa na mai. Ya yi mata wata allura ta rage zafi, Yowel ya biya duka, bai bari na ga ko nawa ya rage masa ba.

Muka kamo hanyar gida. Da muka kusa gari Yowel ya rage gudu.

"Kina so in shiga tare da ke?"

"Kana so har yanzu? Bayan abin da na yi?"

"Alisa... raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maki ba. Amma ke nike so, ba wata da ba ta taɓa kuskure ba. Zan tsaya bakin ƙofa. Maganar taki ce."

Rana ba ta faɗi ba tukuna. Na ɗora Auta a kan ƙafar Baba, na shiga ɗaki na jawo kwalin, na ajiye a gabansa. Kwanonin suka yi ƙara. Na durƙusa.

"Baba, ban kai ta likita ba sai yau. Kuɗinka na saye kayan ɗaki da su. Maganin da na ba ta na mutane ne, shi ya ƙarasa ta. Gobe likita zai zo ya... ya hutar da ita. Ni na yi, Baba."

Hannunsa ya tsaya a kan bayan kyanwar. Na jira ya daka mini tsawa, ya kore ni, kome.

"Na ji su," ya ce. "Ranar da kika shigo da su. Kin naɗe su da zane, amma marfi ɗaya ya faɗi."

"Ka sani... kuma ba ka ce kome ba?"

"Kunya ta hana ni." Ya sunkuyar da kai. "Akuyar can ba tawa ba ce, Alisabatu. Uwarki ta saye ta tana 'yar ƙarama. Ta ce in ba ta kai ba, a saida a yi maki jere. Kullum ina cewa gobe zan gaya maki. Da Auta ta kwanta, sai tsoro ya kama ni. Kin kusa tahiya, ita ma za ta tahi, wa zan yi wa magana? Na ɗauki abin ɗiyata na ba kyanwa."

"Baba, kar ka ɗauke mani laifina. Ni na ɗura mata da hannuna."

"Ba na ɗauke maki. Naki naki ne, za ki riƙe shi. Nawa nike faɗi."

Ya lalubo kaina ya jawo ni jikinsa. Muka yi kuka, Auta tsakaninmu tana numfashi sama-sama. Can Baba ya share ido ya ɗaga murya.

"Kai mai tumatur, inuwarka ta tare mani haske. Shigo."

Yowel ya shigo ya tsuguna. "Baba, na ce ko za ku dawo wurinmu bayan biki. Akwai ɗaki."

"In bar gidan da na binne shekara talatin cikinshi? A'a. Ku dai riƙa leƙowa."

"Kullum," na ce. "Kowace safiya."

Da hantsi likitan ya zo. Kafin ya buɗe jakarsa, Auta ta buɗe baki kamar mai neman ruwa. Na ɗauko ƙaramin cikin kwanonin, na zuba, na kai mata. Ta lasa sau biyu. Baba ya riƙe ta a cinya yana yi mata waƙar da Inna ke yi in tana daka, har jikinta ya saki. Yowel ya haƙa rami a gindin dalbejiya, inda take shan inuwa.

Na so in maida wa Dije sauran kayan. Baba ya hana. "Uwarki ce ta saya maki," ya ce.

An ɗaura aurenmu a majami'a ranar Asabar. Kashegari mata suka cika ɗakina, idanu na bin jere daga sama zuwa ƙasa. Wata gwaggon Yowel ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.

"Amarya, ai irin wanga sha biyu ake saidawa. Ina ƙaramin? Ko Dije ta cuce ki?"

"Ba ta cuce ni ba, Gwaggo. Yana gidan Baba."

Yana can har yau, a gindin kujerarsa. Ya hana a ɗauke. Kowace safiya in na kai masa koko, sai in wanke shi in zuba sabon ruwa, ko da yake ba mai sha sai tsuntsaye. In ya ji ƙarar ruwan, sai ya miƙa hannu wajen ƙafarsa, ya tuna, ya maido shi ya riƙe nawa.