Abin da Aka Yanke daga Muryar Inna

Gab da magariba ta biya ta shagon gyaran waya na ƙaninta don ta karɓi wayarta. Injiniya ake ce masa a gida don tsokana, shi kuwa ya riƙe sunan hannu bibbiyu. Shi ya ɗauke kaset ɗin marigayiya Inna, wanda ta ba da tarihin gidansu a ciki, ya juye a kwamfuta.

"Yaya, tarihinmu ya daina ɓata," in ji shi, yana hura hanci. "Ba ɓera, ba gara. Har dattin na share: tarin Inna, da shirun nan nata, da ƙunƙunin da take yi a farko da ƙarshe. Yanzu zan tura wa dangi kaf, har 'ya'yanki."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙunƙuni? Addu'a ce, sakarai. Inna ba ta taɓa ba da labarin rijiyar gidanmu ba sai ta buɗe da bismilla, ta rufe da sallamar mutanen ciki. Ina kaset ɗin?"

"Na jefar. Wa ke ajiye tarkace?"

Ta ja tsaki. Shi kuwa ya danna kwamfutar.

Muryar Inna ta cika shagon, tar, kamar tana bayan ƙofa. Duk da haushi, idonta ya cicciko. Rabonta da muryar nan tun ranar da aka fita da gawar. Sai dai muryar ba ta numfashi. Magana bisa magana, har ta kai inda kakansu ya danne rijiyar da dutse saboda na ciki sun fara kiran yara.

Labarin ya ƙare. Muryar ba ta ƙare ba.

Warin dalma ya gushe. Warin danyen laka ya taso.

Ƙiii. Ƙiii. Igiyar guga tana gogar bakin rijiya.

Sanyi ya taɓa tafin ƙafarta. Ruwa ne, baƙi, yana bulbulowa daga ƙarƙashin tebur.

"Kashe," ta raɗa.

Ya zare wayar wuta daga bango. Allon ya mutu.

"An ambace mu," in ji muryar Inna. "Ba a sallame mu ba. Ina yaran?"

Injiniya ya maƙale a bayanta. "Yaya..."

Ruwan ya kai idon sawu.

Ta runtse ido, ta lalubo ƙunƙunin da ta sha ji tana zaune gefen tabarmar Inna.

"Bismillahi. Mun ambace ku, ba mu kira ku ba. Ku koma lafiya, mu kwana lafiya."

Igiyar ta yi ƙara sau ɗaya. Sai shiru. Sai kiran salla daga nesa.

Da safe ta tsaya a kansa har ya goge komai. Ta san babu wata muryar Inna a duniya bayan wannan. Ta yi kukanta a hanya, ba a gabansa ba.

Yanzu ita ke ba 'ya'yanta tarihin da baki, da tarinta da shirunta. Injiniya kuwa har yau cewa yake famfo ne ya fashe. Shagon nan babu famfo. Kuma tun la'asar yake rufewa.