Bajon da Aka Goge da Toka

A garin Nyeri, wata yarinya ta taɓa wanke shilin dubu takwas da toka da soson ƙarfe, kuɗin ya bi ruwa tun kafin shayi ya tafasa. Na san wasunku za su ce ƙirƙira na yi. To, shekara talatin na yi ina koyarwa, ba a taɓa kama ni da zancen da ba shi da tushe ba. Sunan yarinyar kuwa ba zan faɗa ba, domin 'yar gidan mutunci ce.

Shekararta goma. Tana zaune da kakarta, wadda take kira Shosho. Sunan kakar aka sa mata, kamar yadda ake yi wa 'yar fari. Saboda haka tsohuwar ba ta kiranta komai sai "takwara".

Idanun Shosho sun yi rauni. Ta daina karanta littafin addu'arta. Ran nan ma gishiri ta zuba a shayi, ta ɗauka sukari ne.

Yarinyar ta kurɓa ta ce, "Shosho, yau ruwan teku muke sha?"

"Sha ki yi shiru, mai bakin aku," in ji Shosho. "Likita ya ce sai na yi sabon tabarau. Kuɗinsa kuwa ba a tsinto shi a gonar dankali."

Da yamma ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Cike yake da bajo, 'yan lambobin ƙarfen nan da ake maƙalawa a ƙirjin riga. Tun tana budurwa take tara su, lokacin da take shugabar 'yan sikawut mata. Ta lalubo guda uku ta ware.

"Ranar Asabar za mu kai wa Mzee Githinji, mai kantin tsofaffin kaya. Wannan babban shi kaɗai zai saya mini idanu. Ajiye su wurinki, ni sai in manta inda na sa."

Yarinyar ta duba babban bajon. Ya yi duhu, ya dafe. Shuɗin fentin da ke tsakiyarsa ma da ƙyar ake ganinsa.

A duk layinsu babu yaron da ya kai ta iya goge tukunya. Ko tukunyar tuwon ugali ce ta kama, in ta bi ta da toka da soso, sai ka ga fuskarka a jiki. Ta ce a ranta, "Wa zai sayi abu mai dauɗa haka? In ya yi ƙyalli, Mzee zai ƙara kuɗi. Shosho za ta samu tabarau mai ruwan zinariya."

Ba ta tambayi kowa ba. Ta zagaya bayan ɗakin girki, ta ɗebi toka, ta shiga gurza. Ta gurji gaba, ta gurji baya. Bajon ya yi fes kamar sabon cokali.

Da ta ɗauraye, sai ta ga ruwan ya yi shuɗi-shuɗi. Rabin fentin ya tafi. Ba ta taɓa sauran biyun ba. Ta naɗe duka ukun a hankici, ta yi shiru da bakinta.

Ranar Asabar suka shiga matatu, wato motar haya, zuwa cikin gari. Mzee Githinji ya ba Shosho kujera, ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu. Ya fara da ƙananan biyun.

"Zo ki gani, 'yata," ya ce wa yarinyar. "Da farko ina duba baya. Kin ga shekara? Kin ga lambar maƙerin? Sai in tambayi kaina, guda nawa aka ƙera? In kaɗan ne, kuɗi ya hau. Sannan in duba fenti, ko ya ɓalle. Wannan duhun da kike gani, shi masu tarawa suke nema. Shi ne shaidar tsufa."



Mzee ya ɗauki babban. Ya juya shi, ya sake juyawa. Fara'arsa ta ragu.

"Mama, kada ki ga na raina ki. Na asali irin wannan, dubu takwas zan biya, ban yi ciniki ba. Amma na asali yana da shekara a bayansa. Wannan babu komai. Ya yi kama da na jabu, waɗanda ake bugawa ana sayar wa baƙi. In kuwa ɗaya jabu ne, ina tsoron sauran."

Shosho ta miƙe tsaye, ta dogara sandarta.

"Githinji! Na san ka tun kana yawo babu wando. Ni za ka ce wa na kawo jabu? Da hannuna na karɓi bajon nan a babban sansanin da aka yi a gindin dutse, kafin a haifi matarka. Takwara, tattara mana kayanmu. Gara in mutu ina lalube."

Yarinyar ta dubi kakarta tana laluben ƙofa. In sun fita, babu tabarau. In ta yi magana, kowa zai san abin da ta aikata. Hawaye suka cika mata ido.

"Shosho, tsaya. Ba jabu ba ne. Ni ce na goge shi."

"Kika goge shi da me?"

"Da toka da soson tukunya. So nake ya yi kyau a ƙara miki kuɗi."

Mzee ya kai bajon bakin taga, ya daɗe yana dubawa a hasken rana.

"Gaskiya ta faɗa," in ji shi. "Ga sawun soso. Ga kuma wutsiyar lamba ɗaya da ta tsira a gefe. Mama, ki yafe mini." Ya juya wurin yarinyar. "Ke kuma, Allah ya tsare kantina daga hannunki. In na bar ki kwana ɗaya a nan, sai na wayi gari ina bara."

Shosho ta koma ta zauna. Ta jawo jikarta ta share mata fuska da gefen mayafi.

"Kin yi ɓarna, takwara, ba zan ɓoye miki ba. Da kin tambaye ni, da na ce ki bar shi. Amma kin wanke sunana a gaban mutum, wannan wankin kam ya yi."

Mzee ya sayi ƙananan biyun. Babban kuwa ya ce ba shi da kasuwa yanzu. Kuɗin bai kai na tabarau mai ruwan zinariya ba. Ya dai isa wani baƙi mai kauri, mafi arha a shagon.

Bayan mako guda Shosho ta saka shi. Ta ƙura wa jikarta ido, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka kika girma? Ashe har haƙorin nan ya fito?"

"Shosho, kin yi kama da mujiya."

"Mujiyar da ke ganin duk abin da kike yi daga yau," in ji Shosho, suka fashe da dariya.

Tun daga ranar, yarinyar ba ta ƙara gyara abin da ba ta sani ba sai ta tambaya.

Ku ma, 'ya'yana, ku riƙe wannan. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Kafin ku taɓa kayan wani, ku tambayi wanda ya sani. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya tun kafin laifin ya hau kan wani.

Wanda har yanzu yake shakka, ya je layin da ke bayan tashar mota a Nyeri, kanti na uku mai koriyar ƙofa. Ya nemi Mzee Githinji. Yana nan da ransa, kuma a gabansa aka yi.