Gurbin da Ba a Cike Ba

Ni ban yi boko ba, amma na san akwai ayyukan da ba a yi da almuru. Ran nan na shiga ɗakin jikata in ce ta tashi ta yi salla, na tarar da ita ta duƙufa a kan kwamfuta.

Ta ce in yi haƙuri, aikin makaranta ne. Wai akwai wani umarni, printf, mai fito da rubutu a allo. Malaminsu ya hana su taɓa shi, ya ce kowa ya ƙera nasa da wani yaren kwamfuta wai shi C. Ana rubuta magana, a bar gurbi da alamar %d, sannan a miƙa lambar da za ta zauna a gurbin. Na ce ashe faci ake koya musu. Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa, zauna ki ga aiki."

Ta rubuta: Mu %d ne a ɗakin nan. Garin surutu ta manta ba ta miƙa lambar ba. Ta danna.

Allon ya ce mu uku ne.

Ta ce shara ce kawai kwamfutar ta kwaso daga ƙwaƙwalwarta. Ta sake dannawa.

Huɗu.

Fanka ta tsaya. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin. Katifar da ke bayanmu ta lotsa, kamar an zauna.

Biyar.

Na ce ta ɗauke hannunta. Ta raɗa mini, "Kaka, ba ni nake dannawa ba. An riƙe mini yatsa."

Shida. Numfashi a ƙeyata.

Na fizge wayar wuta. Allon bai mutu ba.

Na kama kunnenta na murɗe, na ce, "Kin yi tambaya kin bar gurbi, dole wani ya amsa. Ba shi lambarsa."

Ina karanta addu'a, ita tana lalube da hannun hagu. Ta sa biyu.

Allon ya ce mu biyu ne. Na ja ta waje, ko takalmi ba mu ɗauka ba.

Washegari malamin ya ce kuskure ne da kowane ɗalibi ke yi. Yaro ne, me ya sani?

Aikinta ya karɓu. Amma yatsan nan har yau sanyi ƙalau yake, ba ya lanƙwasuwa, da yatsu tara take rubutu. Kuma kafin ta danna komai ina jin ta tana ƙirga gurabe a fili, ta ƙirga lambobi, sannan ta waiwaya.