Ranar da Injin Ya Yi Ɗumi

Baban Auta yana saye da sayar da baburan tsere na hannu. A shagonsa akwai wani jan babur mai kyan gaske. Aibinsa ɗaya ne. Idan ya kwana, sai ya yi ta tari kafin ya tashi.

Wata safiya Baba ya ce, "Auta, mai saye yana hanya, zan je in taro shi. Ki goge babur ɗin, amma kada ki taɓa makulli."

Auta ta goge shi tas. Sai ta tsaya tana tunani. Idan ya yi tarin nan a gaban baƙo, ai ciniki ya lalace! Ta murɗa makulli, ta yi ta danna maɓalli har ya tashi. Ta bar shi ya ɗan yi ruri, sannan ta kashe.

Baba ya dawo da mai saye, wani dogon mutum. Ko kallon fenti bai yi ba. Ya durƙusa, ya ɗora hannu a jikin inji. Nan take ya ɓata rai.

"Haba, maigida! Mun yi da kai zan same shi da sanyi. Sai da sanyi ake gane lafiyar inji. Me kake ɓoye mini?"

"Wallahi ban tayar da shi ba," in ji Baba.

Mutumin ya girgiza kai, ya juya zai tafi. Auta ta ga an ɗauki babanta maƙaryaci, kuma ita ta jawo.

"Kawu, tsaya! Ni ce na tayar da shi, don kada ka ji tarinsa."

"Tari?" in ji mutumin. "Ai babanki ya gaya mini tun a waya. Shi na zo in ji da kunnena."

Kunya ta rufe Auta.

Baba ya dafa kanta. "Na san taimakona kika so yi. Amma mai saye yana iya haƙuri da aibin babur. Ɓoyewa ce ba ya yafewa."

Washegari mutumin ya dawo. Ya taɓa inji, ya yi dariya. "Yau dai makanikiyarmu ba ta riga ni ba."

Babur ya yi tarinsa, ya tashi.

"Fulogi ne kawai yake son canji," in ji mutumin. "Na saya."

Daga ranar Auta ta gane faɗin gaskiya ba ya korar mai saye. Duk wanda ya shigo shago, ita ce take fara nuna masa inda babur ya ƙuje.